Juyen baƙin mai a gida: Yadda wayar hannu za ta taimaka wajen tsare injin babur

A Dangamaji da sauran garuruwan da ke tsakanin Jega, Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi, babur ɗaya yakan yi aikin gida guda. Shi ke kai buhun albasa kasuwa da safe, ya kai mara lafiya asibiti da rana, da yamma kuma wani matashi ya fita da shi kabu-kabu. Ranar da injinsa ya buga, duk waɗannan sai su tsaya cak.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin riƙe babur ya ƙaru, kuma da yawa daga masu babura sun fara neman inda za su rage kashe kuɗi. Juyen baƙin mai na daga cikin ayyukan da mutum zai iya yi da kansa a ƙofar gida cikin kamar rabin awa. Kunce noti da zuba mai ba su da wuya. Inda ake tafka kuskure shi ne wajen zaɓen man, da sanin lokacin juyen, da ɗaure notin. A biyu daga cikin ukun nan, wayar da ke aljihu za ta yi aiki sosai.

Me ya sa man babur ke saurin gajiya?

A mota, man inji daban, man giya daban. A ƙananan babura irin su Bajaj Boxer, TVS da Haojue kuwa, mai ɗaya ne ke yi wa inji da giya da kuloci aiki, kuma yawansa bai wuce kusan lita ɗaya ba. Haƙoran giya suna niƙa shi, kuloci yana zuba masa ƙurar da yake saki yayin da yake cinyewa.

Ga shi kuma waɗannan injina ba su da tankin ruwan sanyaya inji. Iska ce ke sanyaya su, sai man da ke ɗauke wani ɓangare na zafin. A watannin Maris da Afrilu zafi a Kebbi yakan haura digiri 40. Babur ɗin da ya ɗauko kaya masu nauyi yana tafiya a hankali cikin rairayi ba ya samun isasshiyar iska, don haka mansa ke tsinkewa da wuri. Da hunturu kuma ƙura ce ke kutsawa ciki, ta haɗu da mai ta riƙa goge ƙarfe kamar sanfefa.

Karanta jikin gora kafin a biya kuɗi

Abubuwa uku ake dubawa a jikin gorar mai.

Na farko, alamar 4T, wato man inji mai bugu huɗu. Man da aka rubuta wa 2T na injinan da ake gauraya musu mai da fetur ne, kamar ƙaramin janareta, kuma ba a zuba shi a cikin injin Boxer da makamantansa.

Na biyu, kaurin man, wanda ake rubutawa kamar 20W-50 ko 10W-30. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudu idan inji na da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya ɗau zafi. Kowane kamfani ya faɗi wanda ya dace da injinsa a littafin babur. Wanda nasa littafin ya ɓata, ko ya sayi babur na hannu, sai ya rubuta sunan babur da samfurinsa a Google ya sauke littafin a waya. Sau ɗaya za a kashe data, ya zauna a wayar har abada.

Na uku, alamar JASO MA ko MA2. Wannan ma'auni ne da ƙasar Japan ta fito da shi a 1998 musamman domin babura. Dalili kuwa shi ne, ana sa wa wasu man mota sinadaran ƙara santsi don rage shan fetur, kuma idan aka zuba irinsu a babur, kuloci zai iya fara zamewa: inji na ƙara, gudu ba ya ƙaruwa. Alamar MB kuwa ta babura marasa giyar ƙafa ce.

Sai batun jabu. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sha kama baƙin mai marar inganci a kasuwannin ƙasar. Man da ake aunawa daga duro a zuba a gorar ruwa, babu hanyar sanin abin da ke cikinsa. A sayi mai rufaffen baki, a duba cewa hatimin murfin bai karye ba, kuma rubutun jikin gorar a fili yake. Bahaushe ya ce araha ba ta ado.

Idan mita ta mutu

Kamfanoni suna ƙayyade lokacin juye da kilomita, kuma adadin ya bambanta daga babur zuwa babur. Sabon babur yana buƙatar juyen farko da wuri, galibi tsakanin kilomita 500 zuwa 1,000, saboda ɓurɓushin ƙarfe da sabon inji ke saki. Bayan nan sai a bi littafi, a kuma rage tazarar idan hanyar ƙura ake bi ko ana ɗaukar kaya masu nauyi.

Matsalar ita ce, babura da yawa wayar mitarsu ta tsinke tuntuni, sai a koma kintace ko duba launin mai. Launi kuwa yana ruɗi, domin mai mai kyau yakan yi baƙi da wuri saboda yana wanke dattin inji.

Ga yadda waya za ta cike giɓin. Idan mita na aiki, a ɗauki hotonta ranar juye tare da gorar man, wayar da kanta za ta ajiye kwanan wata. Idan ba ta aiki, a auna hanyar da aka saba bi a Google Maps, a lissafa tafiyar yini guda. Misali, mai yin kilomita 60 a rana zai cika kilomita 2,000 cikin kwana 33 ko 34, alhali ɗalibin da ke zirga-zirga tsakanin masauki da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero zai iya ɗaukar watanni kafin ya kai haka. Daga nan sai a sa tunatarwa a kalandar waya. Akwai kuma manhajoji irin su Drivvo da Fuelio da ke ajiye lissafin fetur da gyara. Ko da ba a cika kilomitan ba, kada mai ya wuce wa'adin watannin da littafi ya faɗa, domin yana lalacewa ko a ajiye.

Matakan juyen

Kayan aiki: sifana mai zobe wadda ta yi daidai da kan notin, kwano mai faɗi, mazurari, tsumma, da sabuwar washa idan tsohuwar ta lotse.

1. A tayar da inji na minti uku zuwa biyar don man ya yi ɗumi, sannan a kashe. Idan daga tafiya aka dawo, a jira ya huce, domin mai zafi yana ƙona hannu.
2. A ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai, a goge ƙasar da ke kewaye da murfin mai kafin a buɗe.
3. A sa kwano a ƙarƙashin inji, a kunce notin juye ta hagu. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton wurin, zai taimaka wajen mayarwa.
4. A bar man ya tsiyaye sarai, a ɗan karkata babur dama da hagu. Kada a ɗauraye cikin inji da kananzir ko fetur, domin ragowarsu za ta tsinka sabon man.
5. Idan babur na da rariyar tace mai da ake iya cirewa, a wanke ta, a bar ta ta bushe, a mayar.
6. A fara ɗaura notin da hannu har ya zauna, sannan a ƙarasa da sifana daidai ƙarfin hannu ɗaya. Jikin injin alminiyam ne, noti kuma ƙarfe. Wanda ya taka sifana da ƙafa zai cinye zaren ramin, kuma gyaransa ya fi kuɗin juye nesa ba kusa ba.
7. A zuba adadin da littafi ya faɗa, a tayar da inji na minti biyu, a kashe, a ɗan jira, sannan a duba sandar awo. Man ya tsaya tsakanin alama ta sama da ta ƙasa. Wuce gona da iri yana jawo yoyo da hayaƙi.
8. A haska ƙarƙashin inji da fitilar waya a tabbatar babu ɗigo.

Kafin a ɗauke kwanon, a haska tsohon man. Idan ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga inji, abin da kan faru bayan ƙetare ruwa da damina. Idan ana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe da yawa, ko yana warin fetur, lokacin ganin bakanike ya yi.

Sauran ruwaye da mayuka

Kaca tana son mai a kai a kai, amma kaɗan, bayan an goge ta. Idan aka jiƙa ta sharkaf, rairayi ne zai manne ya cinye ta.

Yawancin baburan kabu-kabu birkinsu na waya da sanda ne, ba su da man birki. Masu birkin faifai a gaba suna amfani da DOT 3 ko DOT 4, kamar yadda aka rubuta a murfin ɗan tankin da ke kan hannu. Wannan man yana zuƙar danshi, shi ya sa ake canza shi kamar duk shekara biyu. Idan iska ta shiga bututunsa birki ba zai kama ba, don haka wanda bai saba ba ya bar wa bakanike. Haka ma man shokin gaba.

Batir mai buɗaɗɗun murafe ana ƙara masa tataccen ruwan batir ne kawai, ba ruwan rijiya ko na leda ba. Rufaffen batir kuwa ba a buɗe shi. Matatar iska ma a riƙa duba ta duk ranar juye, musamman da hunturu, domin ita ce ke tare ƙurar da ke ɓata sabon man.

Ina za a kai tsohon man?

Wannan yanki ne na fadama da rijiyoyi, ga kogin Zamfara yana wucewa ta Jega. Man da aka zubar a ƙasa ko a kwata yana iya gangarawa zuwa ruwan da ake sha ko ake ba albasa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juyen mota guda ɗaya zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha.

Tsohon mai yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da sinadarai masu cutarwa, don haka bai dace a shafa shi a ciwon dabba ba, balle jikin mutum. A juye shi a gorar da aka zazzage, a rufe, a rubuta a jiki, a ajiye nesa da yara, sannan a kai wa bakanike ko wurin juye da ke tara shi. A wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba.

Daga ƙarshe, kafin a mayar da sifana akwati, a ɗauki hoton mita, a sa ranar juye na gaba a kalanda.