Sautin Ƙasaita Daga Bencin Kafinta: Yadda Ake Haɗa Kayan Sauti Na Gida Da Hannu

A shekarar 1999 wani ƙaramin kamfani a Japan mai suna 47 Laboratory ya fitar da wata amfilifaya da ya raɗa wa suna Gaincard. Ba wani girma gare ta ba, ana iya ɗaukarta a tafin hannu, amma kuɗinta tare da akwatin wutarta ya kai dala 3,300. Masu sharhi a mujallun sauti suka yi ta yabon zaƙin muryarta, har sai da masu bin ƙwaƙƙwafi suka kwance ta suka leƙa cikinta. Abin da suka tarar ya ba su mamaki. Zuciyar na'urar ɗan cif ne mai lamba LM3875 na kamfanin National Semiconductor, wanda a lokacin kowa ke iya saya a shago, sassan da ke kowane ɓangare, dama da hagu, tara ne kacal, kuma an ƙiyasta kuɗinsu duka bai kai dala 100 ba. Kafin a ce kwabo, mutane a ƙasashe daban-daban sun fara haɗa irinta a kan teburinsu na gida, suka sa mata suna Gainclone.

Sautin ƙasaita da irin waɗannan mutane ke nema daban yake da ƙarar gidan biki, inda wufa ke dukan ƙirji har tagogi na rawa. Su gaskiyar sauti suke bi. Kunnen matashi mai lafiya yana jin kaɗawar iska daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, abin da ake aunawa da hertz. Kayan sauti na ƙwarai su ne waɗanda ke fito da wannan zango ba tare da sun kumbura wani sashe sun danne wani ba. Idan aka sa faifan Ɗan Maraya Jos, a ji kaifin tsirkiyar kuntigi daban, muryarsa daban. Idan kalangu ne, a ji yadda makaɗi ke matse shi a hammata yana sauya masa murya.

Haɗa irin waɗannan kaya da hannu tsohuwar al'ada ce. A 1947 mujallar Wireless World ta Ingila ta buga zanen amfilifayar D. T. N. Williamson, mai aiki da bawul na gilashi masu kama da ƙwan fitila, kuma dubban mutane suka haɗa ta a gidajensu. A Amurka kamfanin Heathkit ya shahara wajen sayar da sassa a kwali tare da littafin bayani. David Hafler ya kafa Dynaco a 1955, kuma amfilifayarsa Stereo 70 da ta fito a 1959, mai wat 35 a kowane ɓangare, an riƙa sayar da sassanta kusan dala 100 ga mai son haɗawa da kansa. An sayar da fiye da 300,000, har yau ana gyara tsofaffinta ana saurare. A 1969 John Linsley-Hood ya buga zanen wata mai wat 10 da taransista huɗu kawai. Shi ma Nelson Pass, wanda kamfaninsa Pass Labs ke sayar da amfilifaya masu tsadar gaske, ya shafe shekaru yana sakin zane-zanensa kyauta ga masu haɗi.

Lissafin da ke jan mutane a bayyane yake. Kuɗin da ake biya a kan na'urar kamfani ya ƙunshi adon akwati, talla, dakon kaya, haraji da ribar dillalai. Mai haɗi da hannu yana tsallake yawancin waɗannan, ya zuba kuɗinsa a kan sassan da ke fitar da sautin. Kamfanoni irin su SEAS na Norway, Scan-Speak na Denmark da SB Acoustics na Indunusiya suna sayar wa manyan kamfanoni kawunan lasifika, kuma irin waɗannan kawuna suna nan a kasuwa ga duk mai so.

Sauti yana bin matakai huɗu kafin ya iso kunne: inda waƙar ta fito, amfilifaya, lasifika, sai ɗakin da ake zaune. Sabon shiga yakan fara da amfilifaya domin ita ce mai fitilu da maɓallai. Amma Floyd Toole, wanda ya shafe shekaru yana gwaji a Hukumar Bincike ta Ƙasar Kanada kafin ya koma kamfanin Harman, ya riƙa zaunar da masu sauraro a gaban labulen da ya ɓoye lasifiku, ba su ganin suna balle farashi. Aikinsa ya nuna cewa lasifika da ɗaki su ke da kaso mafi tsoka a abin da kunne ke ji, kuma ganin sunan kamfani yana sauya hukuncin mai sauraro.

Kan lasifika bai sauya sosai ba tun 1925, lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana ƙirarsa: maganaɗisu, kwayil na siririyar waya, da faifan takarda da ke kai da komo yana tura iska. Matsalar ita ce duk sanda faifan ya tura iska gaba, yana janyo ta ta baya. Idan ba a raba gaba da baya ba, sai su kashe juna, bes ya ɓace. Aikin akwati ke nan. Akwai rufaffen akwati, irin wanda Edgar Villchur ya shahara da shi a 1954, mai ba da bes tsaf ba ja. Akwai kuma mai bututun iska, wanda ke ƙara zurfin bes idan an daidaita tsawon bututun da faɗinsa.

A nan ne kafintocin da ke ƙera akwatunan masu kiɗan biki suka sha bamban da mai neman sautin ƙasaita. Na farko sukan auna da ido. Na biyu lissafi yake bi. A 1961 wani injiniya ɗan Ostireliya, Neville Thiele, ya nuna cewa ana iya lissafa halin akwati kafin a sari katako, sannan Richard Small na Jami'ar Sidni ya faɗaɗa aikin a farkon shekarun 1970. Yau duk kan lasifikar kirki yana zuwa da takardar alƙaluman da ke ɗauke da sunan mutanen biyu. Ana zuba su a manhajar kwamfuta ta kyauta irin WinISD, ta faɗi lita nawa cikin akwatin zai kasance da tsawon bututun. Kuskuren 'yan litoci ya isa ya mai da bes mai daɗi ya koma gurnani.

Katakon ma da nasa sharaɗi. Jikin akwati bai kamata ya yi tasa waƙar ba, don haka ake amfani da allon MDF mai kaurin milimita 18 ko sama, ko filawud mai kyau, a sa masa tokara daga ciki, a liƙe kowace kafa da gam, a shimfiɗa auduga ko soso. Sai dai MDF maƙiyin danshi ne. Ruwan damina ya taɓa shi, sai ya kumbura, shi ya sa ake shafe shi da fenti ciki da waje.

Sashen da ya fi kayar da masu haɗi shi ne marabar sauti. Kai ɗaya ba ya iya ɗaukar zangon duka yadda ya kamata, saboda haka ake raba aiki: babban kai ya ɗauki bes da tsakiya, ƙaramar tuwita ta ɗauki siririn sauti, galibi daga wajen hertz 2,000 zuwa 3,000. Kwayil na tare siririn sauti kada ya shiga babban kai, kafasita na tare bes kada ya ƙona tuwita. A baki abu ne mai sauƙi, amma a wurin da kawunan biyu ke haɗuwa, ƙaramin kuskure yana sa muryar mawaƙi ta shaƙe ko ta yi tsini. Siegfried Linkwitz, injiniya a kamfanin Hewlett-Packard, shi da abokin aikinsa Russ Riley suka fito da tsarin da ke ɗauke da sunansu, wanda aka buga bayaninsa a 1976, kuma har yau shi ne abin koyi. Linkwitz, wanda ya rasu a 2018, ya bar wa masu haɗi wata lasifika mai suna LXmini, wadda jikinta bututun PVC ne irin na masu aikin famfo. Saboda wuyar wannan sashe ne gogaggu ke ba sabon shiga shawarar ya fara da zanen da wani ya riga ya auna, kamar na Troels Gravesen na Denmark, kuma kada ya sauya kai ko faɗin fuskar akwati.

Batun wat shi ne inda 'yan kasuwa suka fi yi wa jama'a rufa-ido. Kwalin da aka rubuta wa dubban wat da haruffan PMPO, sau da yawa ainihin ƙarfin abin da ke ciki bai wuce 'yan gomomi ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Lasifikar da ke ba da desibel 90 da wat ɗaya tana buƙatar rabin ƙarfin da mai ba da 87 ke buƙata. A falo madaidaici, yawancin sauraro bai wuce 'yan wat kaɗan ba.

Amfilifaya aji-aji ce. Ajin A, irin na Linsley-Hood, tana jan wuta ko ana kiɗa ko ba a yi, mafi yawan wutar kuma zafi take komawa. Ajin AB, inda dangin Gainclone suke, tsaka-tsaki ce. Ajin D tana mai da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ta ja zuwa aiki. Da can ana raina ta, har sai da injiniyoyi irin su Bruno Putzeys ɗan Beljiyam suka gyara ta, kamfanonin Hypex na Holan da Purifi na Denmark suka fara sayar da allunanta a haɗe. Ga mai zaune a Kano, Sakkwato ko Maraɗi, wannan bambanci ba na wasa ba ne. Amfilifayar da ke zafi kamar dutsen guga a watan Afrilu, ga wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, wahala ce. Ƙananan allunan ajin D masu cif TPA3116 na Texas Instruments suna aiki da bolt 12 zuwa 24, wato kai tsaye daga batirin sola, ba sai an bi ta inbata ba.

Tushen waƙa bai cika cin kuɗi ba yanzu. 'Yar kwamfutar Raspberry Pi da manhajar Volumio ko moOde, haɗe da ƙaramar na'urar da ke mai da lambobi sauti, sun wadatar. Abin kula shi ne fayil ɗin kansa. Waƙar da aka matse ta, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, ta riga ta zubar da abin da ba ya dawowa, kuma lasifika mai kyau tona mata asiri za ta yi. Wayar lasifika kuwa, ta jan ƙarfe mai kauri daidai ta isa a tsawon falo.

Saura ɗaki, wanda ba a saye a kanti. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, yana dukan bango yana dawowa. A ɗaki mai tsawon mita 4, sautin da ke wajen hertz 43 yana taruwa ya yi ƙarfi a jikin bango, ya raunana a tsakiya. Shi ya sa mutum biyu a falo ɗaya, ɗaya ke kukan bes ya yi yawa, ɗaya na cewa babu. Ginin siminti da tayil da fankacecen gilashi yana ƙara amsa-kuwwa. Kafet, labule mai kauri, kujerun kushin da kantar littattafai suna shanye ta. Ana janye lasifika daga lungu, a sa tuwita daidai tsayin kunnen mai zaune, a bar tazara ɗaya tsakanin lasifikun biyu da kujera, kamar duwatsun murhu. Mai son tabbaci yana sa makirufon awo irin UMIK-1 da manhajar REW ta kyauta, ya ga halin ɗakinsa a zane.

Harkar tana da nata haɗari. Amfilifayar bawul na aiki da bolt 400 ko fiye, kuma manyan kafasita suna riƙe wuta bayan an zare soket. Fis da wayar ƙasa wajibi ne ga duk akwatin ƙarfe, wanda bai saba ba kuwa gara ya zauna kusa da gogaggen mai gyaran rediyo. Jabun cif da taransista sun cika kasuwa, da tambari da lamba kamar na gaske. Kunne ma amana ne: masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar desibel 85 na awa takwas. Ta fuskar aljihu kuma, sassan kirki da kuɗin waje ake sayensu, ga kayan aiki, ga ɓarnar koyo, sannan abin da aka haɗa a gida ba ya daraja idan aka tashi sayarwa.

Ranar kunnawa ta farko tana da nata tsari. Kafin a haɗa lasifika, ana sa mitar gwaji a bakin amfilifaya a tabbatar wutar tsaye, wato DC, ba ta fita, don ita ce ke ƙona kwayil. Sannan a ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5 a taɓa wa wayoyin babban kai na ɗan lokaci: idan kan batirin yana kan jar waya, faifan ya kamata ya turo waje, a dama da hagu duka. Daga nan sai a rage murya ƙasa, a sa faifan da kunne ya sani sarai, mafi kyau muryar mutum ɗaya. Idan haɗin ya yi daidai, muryar za ta tsaya cak a tsakiyar lasifikun biyu, a wurin da babu komai sai bango. Idan ta watse ta rasa mazauni, bes kuma ya yi siriri, to waya ɗaya ce aka juya, sai a kashe wuta a sauya ta.