Yadda waya guda a saman gida ke jawo tashoshin rediyo na nesa

Duk wanda ya bar Maraɗi ko Damagaram ya nufi ƙauye ya san inda FM ke tsayawa: bayan ƴan kilomita gomomi murya ta fara yankewa, sai shuuu. Daga nan abin da ya rage shi ne AM, wato matsakaicin zango da gajeren zango, inda ake laluben tashoshin Kano da Kaduna da na ƙasashen waje. Mutane da yawa kan ɗora laifi a kan akwatin rediyonsu, su sayi sabo, su tarar ba abin da ya sake. Sau da yawa rediyon lafiyarsa lau, anten ce ta yi masa kaɗan.

Matsakaicin zango, wanda ake rubuta MW ko AM a jikin akwati, yana tsakanin kilohaz 531 da 1602. Da rana, saƙon tashar yana bin doron ƙasa ne, kuma busasshen rairayi irin namu yana shanye shi da sauri, ba kamar ƙasa mai laima ba. Da dare kuwa wani ɓangare na sararin samaniya da ke haɗiye saƙon da rana yakan yi rauni, sai saƙon ya haura sama ya dawo ƙasa a ɗaruruwan kilomita daga inda ya taso. Shi ya sa tashar da ba ku ji ko motsinta da azahar ba takan shigo garau bayan sallar isha'i.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba: ƙarfen nan da ake zarowa daga saman rediyo na FM ne da gajeren zango. Matsakaicin zango yana shiga ne ta wata baƙar sanda da ke kwance a cikin akwatin, daga hagu zuwa dama, an naɗe ta da siririyar waya. Zaro ƙarfen ba ya ƙara mata komai. Juya akwatin kansa sannu a hankali shi ke kawo bambanci, don haka ku fara gwada wannan tun kafin ku kashe ko dala.

Idan bai wadatar ba, ku nemi wayar jan ƙarfe mai rigar roba, irin wadda masu gyaran kuran ke sa wa ɗaki, mita 15 zuwa 30. Ku miƙa ta daga saman soro zuwa bishiya ko doguwar sanda, iya tsayin da za ku iya. Kada wayar ta taɓa bishiyar ko kwanon rufi. Ku huda guntun tiyon roba gefe biyu, waya ta ɗaure a gefe guda, igiya a ɗayan. In a bishiya kuka ɗaure, ku bar ɗan sako-sako, domin iska na kaɗa reshe waya mai tauri za ta tsinke.

Bakin da ya shigo ɗaki ta taga, kada ku buɗe rediyo ku nemi inda za ku liƙa shi. Ku naɗa shi a jikin akwatin kamar sau 5 zuwa 8, ta sama, ta baya, ta ƙasa, ta gaba, yadda naɗin zai zagaye baƙar sandar nan ta ciki. Sauran wayar ku fitar da ita waje, ku feƙe bakinta, ku ɗaure ta tamau a jikin rodi mai tsawon mita 1 ko fiye da aka kafa cikin ƙasa. A nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa, saboda rodi a busasshen rairayi kusan ado ne kawai. Ku kafa shi inda ƙasa ba ta rabuwa da laima, gindin randa ko magudanar makewayi, ku riƙa zuba masa ruwa a lokacin rani. Ga gajeren zango kuwa, ya isa a maƙala waya a ƙarfen da ake zarowa, amma mita 5 zuwa 10 ta wadatar. In ta yi tsawo, ƙaramin rediyo yakan ruɗe, tashoshi su hau kan juna.

Anten tana ƙaro murya, tana kuma ƙaro hayaniya. Cajar salula mai arha, ƙwan fitilar LED da na'urar da ke juya wutar sola duk suna cika AM da ƙara. Ku sa wa rediyo pil, ku kashe su ɗaya bayan ɗaya, za ku gano mai laifin.

Sai batun rai. Kada wayar ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin wayoyin NIGELEC, ko kusa da su yadda in ta tsinke za ta faɗa musu. Da damina, da zarar hadari ya haɗo, ku warware ta daga rediyo, ku fitar da ita daga ɗaki, ku haɗa bakinta kai tsaye da rodin da ke waje, kada ku jira sai an fara tsawa. Ko da hunturu, iska mai ƙura takan tara wa doguwar waya wuta har ta ɗan ja hannun wanda ya taɓa ta, don haka in ba sauraro kuke yi ba, ku bar ta ɗaure da rodin.