Ana Jiran Farar Hula, Haƙorin Yarinya Ya Ruɓe

Wata maƙwabciyarmu ta kai 'yarta mai shekara 5 wajen likitan haƙori, bayan yarinyar ta kwana uku ba ta runtsa ba saboda ciwon turmi. Likita ya ce kogon ya wuce ciko, sai dai a sa wa haƙorin hular ƙarfe. Uwar ta ce atafau 'yarta ba za ta yi yawo da "haƙorin Makka" ba tun ba ta je Hajji ba. Fara take so, za ta dawo in kuɗi sun samu. Aka koma gida ana cusa kanumfari a ramin, kaka na cewa ai na nono ne, da ta yi famfara shi ke nan. Ba a yi wata biyu ba kunci ya kumbura, dole aka cire haƙorin.

Haba iyaye! Turamen nono ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 9 zuwa 12. Su ke tsare wa na dindindin gurbi. In an cire ɗaya da wuri, na kusa su matso, sabon ya fito a karkace.

Hular ƙarfen da ake gudu, likitoci na sa wa yara ita tun wajen 1950. Ba ta tsatsa, tana jure tauna, ga sauƙin kuɗi. Akwai ma dabarar Hall, wadda aka faro a ƙasar Sikotilan: in ruɓar ba ta kai jijiya ba, a kifa hular kawai, babu allura babu fiƙewa. Farar, wadda ake yi da zirkoniya, ta fi kyan gani, musamman a haƙoran gaba. Amma ta fi tsada, kuma sai an ƙara fiƙe haƙorin kafin ta zauna, yaro kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Turmin da ke can ƙurya, wa ke leƙa shi?

Abin da ya fi ɓata mini rai, yarinyar nan har yau da alawa a baki take barci. Ku daina kwantar da yara da fida mai sukari ko lemon kwalba. Ku goge musu haƙora da kanku safe da dare, da makilin mai fuloraid: kamar ƙwayar shinkafa ga ɗan ƙasa da shekara 3, kamar ƙwayar wake daga 3 zuwa 6.

In likita ya ce hula, ku karɓi wadda aljihunku zai iya a ranar, kada ku tafi gida jiran fara.