Siddabarun Katuna Huɗu: Yadda Lissafi Ya Rufe wa Miliyoyin Mutane Ido

A daren 9 ga Fabrairun 2024, jajibirin sabuwar shekarar gargajiya ta ƙasar Sin, gidan talabijin na CCTV ya watsa shirin shagalin da ya saba yi duk shekara tun 1983. Shiri ne da ɗaruruwan miliyoyin mutane ke kallo a lokaci guda, iyali zaune a gida ana cin abinci ana hira. Cikin waɗanda suka hau dandamali a daren akwai Liu Qian, mai siddabaru ɗan Taiwan, wanda ya yi suna a wannan shiri tun 2009. A wannan karon bai yarda ya yi wasa shi kaɗai mutane na kallo ba. Cewa ya yi kowa ya nemo katin karta guda huɗu, na cikin ɗakin taro da na gida, a yi tare.

Aka yaga katuna, aka jujjuya, aka zubar da wasu. Daga ƙarshe kowa ya rage da guntu ɗaya tal a hannu. Da aka ce a zaro guntun da aka ɓoye tun farko, sai ga su sun haɗu cif, rabi da rabin kati guda. Amma cikin waɗanda nasu bai haɗu ba har da Nigmat, ɗaya daga cikin masu gabatar da shirin, kuma kyamara ta kama shi yana riƙe da guntaye biyu mabambanta yana ƙoƙarin boye abin da murmushi. Kafin gari ya waye labarinsa ya cika shafukan sada zumunta na ƙasar, daga baya kuma ɗaliban lissafi na Jami'ar Peking suka fitar da bayanin yadda wasan yake aiki.

Abin tambaya a nan shi ne: ta yaya mutum zai yi maka rufa ido alhali bai taɓa katinka ba, yana wani gari kana wani? Ba saurin hannu, ba ɓoyayyen aljihu, balle a kawo zancen aljanu. Lissafi ne zalla, kuma irin wanda ake koyarwa a ajin SS1. An fi danganta wannan wasa da Woody Aragón, wani mai siddabaru ɗan ƙasar Sifen, kuma mashahuran 'yan wasan nan na Amurka, Penn da Teller, sun yi shi da 'yan kallonsu tun kafin ya isa Sin. Ga wanda ke neman abin da zai gabatar ranar yaye ɗalibai ko a taron kulob ɗin kimiyya, ban san wasan da ya kai wannan araha da armashi ba.

Yadda ake yin sa

Na san makarantu da yawa sun hana shiga da karta, iyaye da dama ma ba sa son ganin ta a gida saboda alaƙarta da caca. To, wasan bai dogara da karta ba. Yanko takardu huɗu masu girma ɗaya daga tsohon littafin rubutu, ka zana wa kowacce babbar alama da ta cike fuskarta: tauraro, wata, kifi, gida. Sharaɗin kawai shi ne kada biyu su yi kama.

Haɗa su huɗun a kife, ka cakuɗa yadda kake so. Sai ka yaga su gaba ɗaya a tsakiya, ka ɗora rabin da ke hannun dama a kan rabin da ke hannun hagu, ba tare da ka juya ko ka cakuɗa ba. Yanzu kana da guntaye 8.

Ƙirga haruffan sunanka. Kowane harafi, ka ɗauki guntun sama ka mayar da shi can ƙasa. Isa zai yi sau 3, Abdulƙadir zai yi sau 10. Bayan nan ka ɗebi guntaye uku na sama a tare, ka cusa su a tsakiyar sauran, duk inda ka ga dama, muddin dai akwai wani guntu a samansu akwai wani a ƙasansu. Guntun da yake sama yanzu, ɗauke shi ka sa a aljihu, kada ka duba.

Saura 7. A Sin, Liu Qian cewa ya yi mutumin kudu ya ɗebi ɗaya daga sama, mutumin arewa biyu, wanda bai san inda zai sa kansa ba uku, kowa ya cusa a tsakiya. Kai a makarantarku kana iya cewa 'yan ajin kimiyya ɗaya, 'yan ajin adabi biyu, 'yan ajin kasuwanci uku. Daga nan maza su jefar da guntu ɗaya daga sama, mata su jefar da biyu.

Sai a mayar da guntun sama zuwa ƙasa sau 7, ɗaya bayan ɗaya. Shi ya yi amfani da wata jimla mai gaɓa bakwai a harshensu. Mu muna da abin da ya fi sauƙi: ranakun mako, daga Lahadi zuwa Asabar, kowace rana guntu ɗaya. Mataki na ƙarshe shi ne mai daɗin: na sama a mayar ƙasa, na biye a jefar, na sama a mayar ƙasa, na biye a jefar, har sai ɗaya ya rage. Kana iya sa ɗakin ya riƙa amsawa da "alheri ya zauna" idan za a mayar, "wahala ta tafi" idan za a jefar. Guntun da ya rage, fito da na aljihu ka haɗa su.

Ina sirrin yake?

Mu kira katunan A, B, C, D. Da ka yaga ka ɗora, jerin ya zama A B C D A B C D. Duba da kyau: na 1 abokin na 5 ne, na 2 abokin na 6, na 3 na 7, na 4 na 8. Tazarar huɗu ce tsakanin kowane guntu da ɗan uwansa. Mayar da na sama zuwa ƙasa ba ya taɓa wannan tazara, kamar yadda zagaya carbi ba ya canza jerin 'ya'yansa. Shi ya sa tsawon sunanka bai da wani tasiri ko kaɗan. An sa shi ne kawai don ka ji kamar naka daban yake da na maƙwabcinka.

Da ka kwashe uku na sama ka cusa a tsakiya, wa ya hau sama? Na 4. Wa ke ƙasa? Na 8. 'Yan uwan juna ke nan. Ka sa na 4 a aljihu, ɗan uwansa na kwance a can ƙasa. Daga wannan lokaci aikin mai wasa ɗaya ne: ya kiyaye wannan guntu na ƙasa har ƙarshe ba tare da kowa ya lura ba. Zancen 'yan kimiyya da 'yan adabi duk ƙura ce ake tayarwa, domin ko nawa ka cusa a tsakiya, na ƙasa bai motsa ba. Kuma a nan ne hatsarin yake. Wanda ya yi gaggawa ya tura guntayensa can ƙasa maimakon tsakiya ya riga ya ɓata wasansa, ba kuma zai sani ba sai a ƙarshe.

Yanzu maza na da guntaye 6, mata 5, abin nema yana ƙasa a wajen kowa. A nan lissafin modula yake shigowa, wanda malamai kan kira lissafin agogo, yana kuma cikin manhajar WAEC. Mai guntaye 6 idan ya juya sau 6 ya dawo inda ya fara, na bakwai ne kaɗai ya yi aiki, don haka abin nema ya tashi daga matsayi na 6 ya koma na 5. Mai guntaye 5 kuwa, 7 a raba da 5 saura 2, abin nema ya tashi daga na 5 ya koma na 3.

Me ya sa ake son na 5 da na 3? Ɗauki biro ka gwada. Rubuta 1 zuwa 6, ka tsallake ɗaya ka soke na biye, kana zagayawa: 2 ya fita, 4 ya fita, 6 ya fita, sai 3, sai 1. Wa ya tsira? 5. Yi haka da 1 zuwa 5: 2, 4, 1, 5 duk sun fita, 3 ya tsira. Wato ranakun makon nan bakwai sun kai guntun daidai kujerar da ba za a kore shi ba.

Masana lissafi na kiran wannan matsalar Josifus. Sunan wani marubucin tarihi ne Bayahude, wanda a shekara ta 67 miladiyya sojojin Rum suka ritsa da shi da mutum 40 a wani kogo a garin Yodfat. Mutanen suka zaɓi mutuwa a kan su miƙa wuya, aka yi ƙuri'a, shi da wani mutum ɗaya suka rage a ƙarshe, suka fita da ransu. Daga baya ne masu lissafi suka mayar da labarin tambaya: idan mutane suka yi da'ira ana cire su bisa ƙidaya, a ina za ka tsaya ka zama na ƙarshe?

Wani abin da ya fi burge ni shi ne lambar 7 ta fi ƙarfin abin da aka nuna a talabijin. Ko mutum ya jefar da uku, ko bai jefar da ko ɗaya ba, wasan zai fita. Mai guntaye 4 abin nemansa zai koma na 1, kuma na 1 ne ke tsira a cikin huɗu. Mai 7 zai dawo na 7, shi ne kuma mai tsira a cikin bakwai. Saboda haka kana iya ba 'yan kallo zaɓi na gaske: kowa ya jefar da yadda ya so, amma kada ya wuce uku. Wanda ya jefar da huɗu ya fita daga lissafin.

Idan ka hau dandamali

Sanin sirri abu ne mai sauƙi. Wuyar ita ce sa mutum ɗari biyu su bi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a ɗakin taro mai hayaniya, wasu a baya ba sa ji sosai. Ka tuna abin da ya faru da Nigmat: ƙwararren mai gabatarwa ne, yana kusa da mai wasan, amma ya kuskure. To ina ga yaron JSS1 da ke layin ƙarshe?

Don haka kai ma ka riƙe naka, manya-manya na kwali da za a hango daga nesa, kana yi suna gani. Umarni ɗaya a lokaci guda, ka tsaya sai hannuwa sun daina motsi kafin ka ci gaba. Wurare biyu ne za ka fi jan hankali: lokacin ɗora rabi a kan rabi, da duk lokacin da ka ce "tsakiya". Kada ka tsaya ga faɗin kalmar. Ɗaga naka ka nuna cewa akwai guntu a sama akwai a ƙasa. Sai dai kada ka nanata har su gane cewa nan ne ƙashin bayan wasan. Faɗe shi cikin raha, kamar mai tsoron kada guntayen su zube. A mataki na ƙarshe kuma ka tabbatar kowa ya fara da mayarwa, ba da jefarwa ba, domin wanda ya juya tsarin zai jefar da abin nemansa da hannunsa. Samun abokai uku ko huɗu da suka iya wasan su bazu cikin layuka yana rage ɓarna sosai.

Ka kira mutum ɗaya ya hau ya tsaya kusa da kai. Idan malamin lissafi ko shugaban ɗalibai ya yarda, ɗakin zai fi ɗaukar zafi. Amma ka nemi yardarsa tun kafin taro, kada ka ja mai kunya da ƙarfi. In kuma nasa bai haɗu ba, kada ka mai da shi abin dariya. Cikin kowane babban taro sai an sami irinsa. Ka ce waɗanda nasu ya haɗu su ɗaga sama, idon ɗakin zai koma kansu.

Kada ka bari kowa ya fito da guntun aljihu kafin lokaci. Ka tunatar da su tukuna: sunayenku ba ɗaya ba, ajinku ba ɗaya ba, kowa ya cusa inda ya so, kowa ya zubar da abin da ya zubar, ni kuma ban taɓa takardar kowa ba. Ka ɗan yi shiru. Sannan ka ƙirga uku, kowa ya zaro tare. Wannan daƙiƙar ita ce wasan gaba ɗaya, wanda ya yi gaggawa a nan ya yi asarar wahalarsa. Idan aka ce ka maimaita, ka ƙi, domin a karo na biyu masu kaifin ido za su fara bin guntun ƙasa. Ka kuma tanadi tsintsiya: mutum ɗari biyu, kowa ya zubar da guntaye shida, takarda 1,200 ke nan a ƙasa, kuma shugaban tsafta ba zai yi dariya ba.

Kada a haɗa wannan da abin da 'yan wala-wala ke yi da kati uku a tasha ko bakin kasuwa. Can babu wani lissafi da zai cece ka. Saurin hannu ne, kuma waɗanda kake gani suna "ci" a gefe yawanci abokan mai katin ne. A wasanmu ba a sa ko kwabo, kuma kowa ne ke cin nasara in ya bi ƙa'ida.

Ga aikin gida ga masu son lissafi. A ce da katuna biyar aka fara, wato guntaye 10. Nawa za a ɗeba daga sama a cusa a tsakiya domin na sama da na ƙasa su zama 'yan uwa? Sannan bayan an sa ɗaya a aljihu saura 9, aƙalla nawa ya kamata a jefar domin ranakun mako bakwai su ci gaba da aiki? Yagi takarda ka gwada kafin ka kai wa malam.