Yadda faifan shirin 'Doctor Who' da BBC ta rasa suka shafe shekaru ajiye a Jos

A watan Oktoban 2013, kafar BBC ta sanar da cewa an gano kashi tara na shirinta na ƙagaggen labarin kimiyya, Doctor Who, waɗanda aka daɗe da fitar da rai da su. An same su ne a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, babban birnin Jihar Filato. Philip Morris, ɗan Birtaniya mai farautar tsofaffin finafinai, shi ne ya ci karo da gwangwanayen fim ɗin a kan kanta.

Shirin ya fara fita a ranar 23 ga Nuwamban 1963. Labari ne na wani baƙo daga wata duniya, ana kiransa Dakta, wanda ke ratsa zamani da sararin samaniya cikin wata na'ura mai siffar rumfar wayar 'yan sanda.

Ɓatan faifan ya samo asali ne daga tsarin aikin BBC kanta. A wancan lokaci kaset ɗin bidiyo na da tsada, don haka akan goge tsohon shiri a ɗora sabo a kansa. Yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, kuma da talabijin mai launi ta zo, sai aka ɗauka babu mai sauran sha'awar hoton baƙi da fari. Haka aka yi ta gogewa har zuwa 1978.

Cinikin ƙetare ne ya ceci wasu daga ciki. Kafin a goge kaset, akan kwafe shirin a fim mai faɗin milimita 16 domin sayar wa tashoshin ƙasashen waje. Kwafi ɗaya kan yi yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma bisa ƙa'ida tasha ta ƙarshe za ta mayar da shi Landan ko ta lalata shi. A Jos ba a yi ko ɗaya ba. Wannan ganowa ta rage adadin kason da suka ɓata daga 106 zuwa 97.

Kashi biyar daga cikinsu na labarin The Enemy of the World ne, wanda aka nuna daga Disamban 1967 zuwa Janairun 1968. Kafin 2013, kashi na uku kaɗai ake da shi daga cikin shida, kuma kusan dukkansa hira ce a cikin ɗaki, shi ya sa masu sharhi da dama suka raina labarin. Da kashi na farko ya dawo, ra'ayi ya sauya. Yana buɗewa ne a bakin teku a Ostireliya, ana bin Dakta da harbi, har wata mata ta kuɓutar da shi a jirgi mai saukar ungulu.

Mai kallonsa a yau zai fi lura da siyasar da ke ciki. An gina labarin a shekarar 2018. Patrick Troughton ya fito a matsayin mutum biyu: Dakta, da kuma Salamander, ɗan siyasar da duniya ke yabo domin ya ƙirƙiro hanyar tara hasken rana don bunƙasa noma. A ɓoye kuwa, shi ke haddasa girgizar ƙasa da aman wutar duwatsu, sannan ya fito a matsayin mai ceto. Ya kuma kulle wasu mutane a ƙarƙashin ƙasa, ya shaida musu cewa yaƙin nukiliya ya gurɓata doron duniya, suna yi masa aiki bisa wannan ƙarya. Da ikonsa kan abinci da kuma kan labari ya mallake jama'a.

Sauran kashi huɗun na The Web of Fear ne, na 1968, inda dodanni suka mamaye hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin Landan. Kashi na uku bai dawo ba. Daga baya Morris ya ce ya gan shi tare da sauran, amma ya yi ɓatan dabo kafin a kwashe faifan.

Lamarin ya shafi Najeriya ta wata fuskar. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma an ɗauka ya salwanta. A 2016 aka gano faifansa a rumbun Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

Fim da kaset ba sa jure zafi da laima, kuma na'urorin kunna su na ƙara ƙaranci. Doctor Who na da masoya a duniya da kuɗin bin sawunsa har Jos. Wasannin kwaikwayon Hausa da tashoshin Kaduna da Kano suka ɗauka a shekarun 1970 da 1980 sun dogara ne ga tashoshin da ke riƙe da su, da kuma ko za a mayar da su zuwa kwamfuta kafin kaset ɗin su lalace.