Ƙasar dutsi ta kiwo ce, amma tana son hutu

Ƴan uwa manoma da makiyaya, duk wanda ya ratsa ƙasar Adar, daga Tawa zuwa Keita ko Buza, ya ga duwatsu masu gangare da kwaruruka a gindinsu. Ƙasar da ke jikin waɗannan duwatsu ta sha bamban da ta jigawa da ta fadama. Ya kamata mu san halinta kafin mu kai mata hauya ko garke.

Halinta na farko, ba ta da zurfi. In mutum ya gina taƙi ɗaya ko biyu, sau da yawa sai ya tarar da tsakuwa ko marmara. Na biyu, ba ta riƙe ruwa. Ruwan sama yana gangarawa da gudu tun bai shiga ƙasa ba. Saiwoyin ciyawa da na itace ne suke riƙe da ɗan abin da ke akwai. In aka nome wurin, damina kaɗan ta isa ta wanke ƙasar, a bar fako.

Shi ya sa kiwo ya fi dacewa da ita. Geza, anza, aduwa da dakwara suna tsira tsakanin duwatsu. Awaki da raƙuma suna cin ganyensu har cikin rani. Da damina kuma, dutsi ne mafakar dabbobi lokacin da gonaki suka cika da shuka.

Amma kiwon ma yana da ƙa'ida. In dabbobi suka yi yawa a wuri ɗaya, suna cinye ciyawa tun ba ta zuba iri ba, baɗi kuwa babu abin da zai tsira. Kofaton shanu yana buɗe hanya a jikin gangare, ruwa ya bi ta, ta zama kwazari. Daga nan yashi da tsakuwa su sauko su binne gonakin kwari. Ɓarnar da aka yi a bisa, manomin ƙasa ne yake biyanta.

Mutanen Keita sun ga wannan bayan farin 1973 da na 1984. A shekarar 1984 aka fara babban aikin gyaran ƙasa a yankin, da taimakon ƙasar Italiya. Mata ne suka yi mafi yawan aikin. Sun gina ramuka masu tsawon mita 3 a jikin duwatsu, sun jera duwatsu suna tare ruwa, sun dasa itace. Inda aka tsare wurin daga dabbobi har itacen ya kama, ciyawa ta dawo.

Ga abin da kowane gari zai iya yi. A raba dutsi kashi-kashi, a bar wani kashi ya huta har ciyawa ta zuba iri. A jera duwatsu a gicciye, kada a bi gangare. A watsa irin ƙyasuwa da gamba a bayan jerin. In za a ɗebi ciyawa, a yanka da lauje, kada a tumɓuke ta da saiwa. A sassabi reshe, a bar uwar itace.

Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai maigari, manoma da makiyaya sun zauna sun yarda da kashin da zai huta bana, tun kafin ruwan farko ya sauka.