Baƙin da Ba a Ƙirga Ba: Gudun Hijira da Lafiyar Jama'a a Ƙasar Zuru

Masarautar Zuru, wadda ke kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi 4, wato Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu, kuma da yake ta yi iyaka da dazuzzukan Zamfara ta wani ɓangare da na Jihar Neja ta wani, sai ta zama mashigar 'yan bindiga masu kai-komo tsakanin jihohin uku. A farkon watan Yuni na 2021 'yan sanda sun tabbatar da kisan mutum 88 a wasu ƙauyukan Danko-Wasagu, a watan Maris na 2022 aka hallaka 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba, sannan a watan Nuwamba na 2025 aka kwashe ɗalibai mata 25 daga makarantar sakandaren Maga. Irin waɗannan labarai ne ke kaiwa ga rediyo da jaridu, amma ƙaurar da ke biyo bayan kowane hari ba kasafai ake jin labarinta ba, domin mutane kan watse ne a hankali, wannan a kan babur wancan a ƙafa, su nufi Ribah ko Wasagu ko Dirin Daji ko Mahuta ko cikin garin Zuru, inda kowa ke da wani ɗan'uwa ko suruki da zai buɗe masa ƙofa.

A dokar duniya akwai bambanci tsakanin wanda ya tsallaka iyakar ƙasarsa don tsira da ransa da wanda aka tayar daga gidansa amma bai bar ƙasar ba. Na farko yana da kariyar Yarjejeniyar Geneva ta 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969, kuma akwai hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke yi masa rajista, alhali na biyu nauyinsa yana wuyan gwamnatin ƙasarsa, kamar yadda Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2012, ta tanada. Mutanen ƙauyukan Zuru suna cikin rukuni na biyu, kuma tun da da yawansu gidajen dangi da kangaye da azuzuwan makarantu suka sauka, sai ya zama ba sa cikin lissafin da ake bi wajen rabon magani. Wanda ba ya cikin lissafi kuwa ba a aiko da allurar ɗansa, ba a ware masa gidan sauro, ba a kuma ƙara wa asibitin da ke kusa da shi ko ma'aikaci ɗaya saboda zuwansa.

Tambayar yadda ƙaramar alƙarya za ta ɗauki baƙi masu yawa ba tare da lafiyarta ta taɓu ba ta sha tasowa a Turai, kuma abin da aka gano a can yana da amfani ga mai duban halin da Zuru ke ciki. A watan Nuwamba na 2017 aka fara kwaso 'yan Afirka da suka maƙale a Libiya ana sauke su a Yamai kafin a sama musu ƙasar da za ta karɓe su dindindin, tsarin da ake kira sake tsugunarwa, kuma a ƙarshen 2017 ɗin wani ƙauye mai suna Thal-Marmoutier a gabashin Faransa, mai mutane kimanin 800, ya karɓi 'yan gudun hijirar Afirka fiye da 50 a wani gidan mata masu zaman ibada na coci. Kafin nan ƙauyen Riace na kudancin Italiya, wanda samarinsa suka watse neman aiki suka bar gidaje a rufe, ya fara saukar baƙi tun 1998, har ya yi suna da cika tsofaffin gidajensa da su. A wurare irin waɗannan fargabar farko da mazauna kan bayyana ita ce ta cuta, musamman tarin fuka da cututtukan ƙasashe masu zafi.

Bincike bai goyi bayan wannan fargaba ba. Rahoton da reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar a watan Janairu na 2019 ya nuna cewa haɗarin baƙi su yaɗa cututtuka ga masu masauki ƙanƙani ne ƙwarai, kuma yawancinsu a kan hanya ko bayan isowa suke kamuwa da ciwo, saboda cunkoso da rashin tsabtataccen ruwa da ƙarancin abinci. Shawarar da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Turai ta bayar a 2018 ita ce a yi wa sabbin zuwa tayin gwaji bisa yardarsu, a duba tarin fuka da ciwon hanta da ƙanjamau da tsargiya, a cike musu allurar rigakafin da suka rasa, sannan a haɗa duk wanda aka samu da ciwo da wurin da zai ci gaba da karɓar magani. Hukuncin da za a ciro daga nan a fili yake: masaukin ne ke haifar da cutar, don haka masaukin ya kamata a gyara. A ƙasar Zuru ma maganar ta fi ƙarfi, domin baƙo da mai gida ruwa ɗaya suke sha, sauro ɗaya ke cizon su, ba wata cuta da ɗaya ya sani wadda ɗayan bai sani ba.

Idan aka leƙa gidan da ya karɓi dangi daga ƙauye, abin da ake gani shi ne ɗakin da aka gina don mace da 'ya'yanta ya koma makwancin iyali biyu ko uku, zaure ya zama ɗakin maza, randar da a da take kai yamma tana ƙarewa kafin azahar, masai ɗaya kuma ana bin sa layi da asuba har yara su gaji su zaga bayan katanga. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji na duniya ke aiki da ita ta ce kowane mutum yana buƙatar aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, kuma kada masu amfani da masai ɗaya su wuce mutum 20, adadin da makarantar firamare mai ɗauke da ɗaruruwan mutane ba za ta taɓa cikawa ba. A nan ne amai da gudawa ke samun ƙofa, domin ƙwayar cutar kwalara tana fita ne ta bayan gida, ruwan damina ya kwashe ta ya zuba a rijiyar da ba ta da murfi ko daɓe, wanda ya sha kuma jikinsa na iya tsiyayewa cikin sa'o'i kaɗan in ba a ba shi ruwan gishiri da sukari ba. A 2021, shekarar da hare-hare suka tsananta a Danko-Wasagu, Nijeriya ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Kebbi na cikin jihohin da annobar ta shafa.

Ƙyanda ta fi kwalara saurin yaɗuwa, domin yaro ɗaya yana iya shafa wa yara 12 zuwa 18 da ba a yi wa allura ba, shi ya sa sai an yi wa kashi 95 cikin 100 na yara rigakafi kafin a ce unguwa ta tsira. A Nijeriya ana yin allurar farko a wata 9, ta biyu a wata 15, amma ƙauyen da ma'aikacin lafiya ya daina shiga saboda tsoron a sace shi zai tara yaran da ba su samu ko ɗaya ba, kuma ranar da suka sauka gari sai su gauraya da 'ya'yan masu masauki a tsakar gida da makarantar allo da coci. Haka lamarin yake ga zazzaɓin cizon sauro, wanda binciken ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a cikinsa, inda aka samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada. An kuma zaɓi Kebbi da Bayelsa don fara allurar rigakafin zazzaɓin a watan Disamba na 2024, sai dai allurar sau 4 ake yin ta a watanni daban-daban, uwar da ta gudu ta bar katin ɗanta a ɗakin da aka ƙone kuwa ba ta da abin nunawa a sabon asibiti. Maganin kariya da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata a lokacin damina ma bisa ƙidayar gidaje ake raba shi, don haka yaron da ba a rubuta ba yana iya ganin an ba ɗan mai gida an tsallake shi.

Yunwa ce ke ɗaure wa dukkan waɗannan cututtuka gindi. Mutanen ƙasar Zuru, Lelna da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulanin da ke zaune tare da su, manoma ne da makiyaya waɗanda arzikinsu ke cikin rumbun dawa da garke, kuma wanda aka raba da gonarsa an raba shi da abincin bana da na baɗi gaba ɗaya. Rumbun mai masauki, wanda aka auna don bakunan gidansa, yakan ƙare tun kafin kaka. Tamowa, wato ramar da ƙarancin abinci mai gina jiki ke jawo wa yaro, ana gane ta da wani ɗan zare mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, idan kaurin bai kai santimita 11.5 ba zaren zai tsaya a kan ja, alamar cewa yaron na buƙatar abincin magani na gyaɗa da madara nan take. Koyon wannan awo ba ya ɗaukar fiye da zama ɗaya, uwaye ma ana koya musu, kuma abin takaici ne a ce yaro ya kai ga kumburin ƙafafu a garin da ke da babban asibiti saboda kawai babu wanda ya zagaya da zaren.

Akwai kuma ciwon da ba ya tayar da annoba amma yana kisa a ɓoye. Maganin tarin fuka wata 6 ake shan sa ba fashi, wanda ya katse a tsakiya kuma yana iya wayar gari da nau'in da ba ya jin maganin farko, haka mai hawan jini da mai ciwon suga da mai shan maganin ƙanjamau, kowannensu an raba shi da wurin da ke riƙe da takardunsa. Mai juna biyu da ta bar awon ciki takan haihu a hannun wadda ta samu. Game da lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 5 a wuraren da rikici ya shafa yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga rashin barci da firgita zuwa matsananciyar damuwa, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato ya yi wa talakan Ribah nisa. Matan da aka ci wa zarafi a daji su ne suka fi kowa yin shiru, alhali maganin da ke kare su daga ƙanjamau sai an fara shi cikin sa'o'i 72.

Misalin da ya fi kusa da Zuru yana jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, inda a 2019 fiye da mutum 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka suka sauka a ƙauyukan kan iyaka. Maimakon a kafa babban sansani, hukumomin Nijar da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun matsar da wasu daga cikinsu zuwa kusa da ƙauyuka irin su Garin Kaka da Chadakori, aka kuma samar da ruwa da ɗakin shan magani da azuzuwa waɗanda baƙi da 'yan gari ke amfani da su tare. Tsarin ya dogara da kuɗin masu ba da agaji, wanda ke ƙaruwa yana raguwa, amma hikimarsa ta cancanci koyi, domin idan aka ba baƙo buhu aka tsallake wanda ya ciyar da shi wata da watanni, an shuka ƙiyayya a gidan da aka fara da zumunci.

Rabon shinkafa da tabarmi da hukumomin agajin gaggawa ke yi bayan hari yana da amfaninsa, amma ba ya tono rijiyar burtsatse, ba ya gina masai, ba ya kuma mayar da yaro kan jadawalin allurarsa. Aikin farko shi ne ƙidaya, kuma babu wanda ya fi masu unguwanni da dagatai da hakiman Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu sanin gidan da ya yi baƙi, limamai da fastoci kuma suna ganin sabbin fuskoki duk mako. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma waɗanda aka raba da muhallinsu suna cikin marasa galihun da ya dace a sa a inshorar lafiya kyauta ta wannan asusu. Ya rage ga Gwamnatin Jihar Kebbi da hukumar lafiya a matakin farko ta jihar da Majalisar Masarautar Zuru su rubuta sunan kowane baƙo tare da gidan da ya sauka, su sabunta katin allurar yaransa, su kuma ƙara ruwa da ma'aikata a unguwannin da suka fi ɗaukar nauyi kafin damina mai zuwa ta sauka.